Abin Ajiyewa Da Abin Zubarwa: Jawabi Kan Kundin Aikin Na'ura



Da yawa daga cikinku, in Allah ya yarda, za a tura ku aiki Bichi ko Ɗambatta, Minjibir ko Dawakin Tofa, ƙasar da gona take manne da gona, babu daji tsakanin ƙauye da ƙauye. Tun 1965 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a kan cunkoson manoman kewayen Kano, kuma daga lokacin zuwa yau rabon gado sai ƙara tsattsaga gonaki yake yi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallakar filayen karkara, saboda haka rigimar iyaka takan ƙare ne a ofis. Takardun ofis kuwa a hankali suna komawa cikin kwamfuta. Wannan shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan wani abu da ake ganin aikin injiniya ne kurum, alhali kuwa ya shafi haƙƙin talaka.

A yau ma'aikata ba ta sayen babbar na'ura don kowane aiki. Na'ura guda ake tsagawa ta zama tamkar goma, wannan ta riƙe albashi, waccan ta riƙe rajistar filaye, kamar yadda maigida yakan yanka wa 'ya'yansa gayauna a cikin gandu. Sa'an nan akan naɗa wata guda ta shugabance su, irin su vCenter na kamfanin VMware. Ita wannan shugaba ba ta motsi sai ta rubuta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya taɓa, me ya lalace. Wannan rubutu shi nake kira kundin aiki, kuma dare da rana ba ya tsayawa.

To, ga inda gizo yake saƙa. Faifan ajiya yana da iyaka. Mu ɗauka misali an ware wa kundin gigabayit 10, na'ura kuma tana rubuta megabayit 200 kullum. Cikin kwana 50 wuri ya cika maƙil. Da ya cika, shugabar sai ta ƙi aiki. Sauran na'urorin suna iya ci gaba da gudana, amma ba mai ikon juya su ko gyara su daga wuri guda. In ranar ta faɗo a ƙarshen wata, ma'aikaci ya san abin da ke nan.

Maganin sananne ne, shi ne juya kundi. A na'urorin Linux akwai wata manhaja mai suna logrotate, wadda a tsarinta na yau da kullum takan rufe kundi kowane mako, ta buɗe sabo, ta riƙe huɗu na baya, ta shafe wanda ya fi tsufa. Manomi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin kafin sabon gero ya shiga rumbu sai an kwashe tsoho an share. Abin da mai kula da na'ura zai lura da shi huɗu ne. Na farko, ya sa iyaka ta girma, ba ta kwanaki kaɗai ba, don na'urar da ta sami matsala tana iya rubuta na wata guda a dare ɗaya. Na biyu, ya matse tsofaffin kundaye, gama rubutu yana matsuwa ƙwarai. Na uku, ya riƙa aika kwafi zuwa wata na'ura dabam. Na huɗu, ya sa ƙararrawa ta gargaɗe shi tun faifai bai cika ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma akwai tambayar da ba injiniya ne zai amsa ta ba, wato: wane kundi za a shafe, kuma bayan kwana nawa? Kundaye iri biyu ne. Akwai surutun na'ura game da lafiyar jikinta, wanda bayan wata guda ƙaiƙayi ne. Akwai kuma wanda yake nuna wa ya buɗe rajista, wa ya canja suna a kan fili, wa ya ƙara suna cikin masu albashi. Wannan shi ne tsaba. Ku duba marayan da zai girma ya tarar an sauya sunan mahaifinsa a kan gona bayan shekara biyar. In an shafe kundin bayan mako huɗu don neman wuri, shaidarsa ta tafi, kuma wanda ya yi aika-aikar ya sha. Mai cin amana ba ya ƙin jin an ce faifai ya cika, don ya sami dalilin sharewa.

Kada kuma a ce to a ajiye kome har abada. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu, kundin aiki kuwa cike yake da sunayen mutane. Ko Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Kaduna ba kowace takarda yake karɓa ba, tantancewa ake yi.

Saboda haka roƙona gare ku, in an ba ku ofis, ku tambayi mai kula da na'ura kwana nawa kowane kundi yake yi kafin a shafe shi, ina kwafinsa yake, kuma wa yake da ikon taɓa shi. Amsar da ya bayar a rubuta ta a takarda, shugaban ma'aikata ya sa hannu, a kuma tabbatar wanda yake gyara rajista ba shi ne yake riƙe da mabuɗin kundin ba. Wannan bai bukatar kwangila, bai bukatar kuɗin waje, zama guda ne na safiya. Ajiya maganin wata rana ce, amma sai an san abin da aka ajiye da inda aka ajiye shi.

 Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.