Azumi da Ciwon da Ba Ya Barin Mai Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Daga cikin tambayoyin da suke zo mana a wannan wata akwai ta bayin Allah masu fama da wani ciwon ciki mai daɗewa, wanda likitoci suke danganta shi ga wata gaɓa da suke kira fankiriyas. Gaɓa ce mai ɗan tsawo, tana kwance a bayan tumbi. Allah ya ɗora mata aiki biyu: tana fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo, tana kuma fitar da sinadarin insulin da ke daidaita sukari a jini. Idan kumburi ya daɗe a cikinta sai ta taurare, hanyar ruwanta ta ƙuntata, wani lokaci har tsakuwa ta toshe ta. Mai wannan lalura yana jin zafi a saman ciki yana ratsawa har baya, yana tsananta bayan cin abinci, har ka tarar da shi ya duƙa ya rungume gwiwoyinsa don ya sami sauƙi. Yana ramewa, bayan gidansa yana fita da maiƙo, wasu kuma ciwon sukari ya biyo baya.

Farkon abin da zan ja hankalinku a kai shi ne harshe. Gaskiya ne giya da taba suna cikin manyan sabubban wannan cuta. Amma tana kama wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba, ta hanyar gado ko wani sababi, har da yara da samari. Saboda haka kada wani ya ji sunan ciwon ɗan uwansa ya munana masa zato. Wanda kuwa ya san yana sha, to ga watan tuba ya zo. Barin giya da taba shi ne matakin farko na magani, likitoci da malamai bakinsu ɗaya a nan.

Sai hukuncin azumi. Allah ya ambaci rangwamen marar lafiya a cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani filla-filla. Wanda yake tsoron azumi zai ƙara masa ciwo, ko ya jinkirta masa warkewa, ko ya jawo masa wahala mai tsanani, ya halatta ya sha. Wanda kuwa yake tsoron halaka ko lalacewar wata gaɓa, shan azumi ya zama wajibi a kansa. Ana sanin haka ta maganar likita amintacce, ko ta abin da mutum ya jarraba a jikinsa.

Masu wannan ciwo kashi biyu ne. Akwai wanda ciwon yake tasowa ya lafa. Wannan ya sha a kwanakin tsanani, ya rama idan ya sami sauƙi, ko da sai lokacin ɗari, kafin wani Ramadan ya kewayo. In uzurinsa ya zarce har wani azumin ya riske shi, babu laifi a kansa. Akwai kuma wanda likita ya tabbatar masa ba zai iya ba har abada. Wannan babu ramuwa a kansa. An so ya ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, daga abincin da ya rinjaya a garin, kamar hatsi ko dawa ko shinkafa. A mazhabarmu wannan ciyarwa mustahabbi ce, wanda ba shi da hali kada ya ɗora wa kansa bashi.

Ya kai ɗan uwa marar lafiya, ka lura da yadda jinyar take. Likita yana umartarka da cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da yawaita shan ruwa, wasu kuma ana ba su ƙwayoyin narkar da abinci da ake haɗiya tare da kowane ci. Azuminmu kuwa awa 13 ne ko fiye, sau da yawa cikin zafi mai tsanani. Idan an ba ka izinin yin azumi, to kada ka buɗe baki da ƙosai da fanke da soyayyen nama, kada ka malala man shanu a kan tuwo. Ka fara da ruwa da kunu, ka raba abincinka tsakanin magariba da sahur. Wanda ke da ciwon sukari, idan ya ji rawar jiki da jiri da zufa mai sanyi, ya karya azumin nan take, kada ya ce saura kaɗan rana ta faɗi. Allurar insulin ba ta karya azumi a wurin mafi yawan malaman zamaninmu, amma ƙwayar da aka haɗiye da rana tana karyawa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Wasu suna sayen tramol wurin masu yawo da magani a faranti, su haɗiya da sahur don su danne zafi su kai azumi. Wannan ƙwaya tana kama mutum, yau ɗaya gobe biyu, har ya wayi gari yana da ciwo biyu maimakon ɗaya, tana kuma iya jawo farfaɗiya. Wasu magungunan zafin, idan aka sha su da yawa ciki babu abinci jiki babu ruwa, suna raunata tumbi da ƙoda. Ko farasitamol, in an wuce ƙa'idarsa yana ɓata hanta. Maganin zafi likita ne yake auna shi, ya fara da mai sauƙi, ya ƙara idan akwai bukata. In zafin ya ƙi ji, a nemi a tura ka babban asibiti a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, domin akwai wanda sai an buɗe masa hanyar da ta toshe yake samun sauƙi. Mai ƙin rangwamen Ubangijinsa ya koma ga ƙwayar kan titi, ya bar halal ya kama abin da zai cutar da shi.

Haƙuri kuma bai hana faɗin inda ke ciwo. Annabi Ayuba, tsira ya tabbata a gare shi, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma da haƙuri aka yabe shi. Ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake ji. In tsayuwa ta gagare ka, yi salla a zaune, in zama ya gagara, yi a kishingiɗe. Ka ɗora hannunka a wurin ciwon ka yi addu'a kamar yadda Sunna ta koyar. Tilawa da zikiri da sadaka duk ƙofofinsu a buɗe suke gare ka.

Ku kuma iyalan gida, ciwon da ido ba ya gani ya fi saurin jawo zargi. Kada ku ce raki ne, kada ku bari yara su yi wa mahaifinsu kallon marar azumi. Ku dafa masa nasa da rana ba tare da gori ba, ku rage masa mai, ku zauna ku yi hira da shi, domin doguwar jinya tana kawo ƙuncin zuciya. Ladan wannan hidima yana wurin Allah.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya sa ciwon ya zama kaffara, ya karɓi ibadarmu, ya jiƙan magabatanmu.