Galahanga ce ko Rikicewar Ɗabi'a?



Yau maganarmu a kan larura biyu ce masu kama da juna. Ta farko galahanga. Ta biyu larurar rikicewar ɗabi'a, wadda mai ita ke rayuwa cikin tsoron a guje shi.

Ina kamar take? Masu larurorin biyu duk sukan fashe da fushi ko kuka. Dukansu sukan sha wuya wajen zama da mutane. Wasu har rauni suke ji wa kansu.

Ina bambancin? Galahanga tun yarinta take. Hayaniya irin ta kasuwar Sabon Gari, ko sauya abin da aka saba, su ke birkita mai ita. Ɗayar kuwa sai an tasa take bayyana, kuma jin an ƙi mutum ke tayar da ita. Wani ma yana da duka biyun.

An fi ruɗewa a kan 'yan mata, domin sukan ɓoye alamun galahanga. A gida kuma sai a ce aljanu ne, ko rashin tarbiyya. Wannan zalunci ne.

Iyayenmu na Samaru da Sabon Gari, Shika ba nisa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke can. Idan 'yarku na da waɗannan alamun, ku kai ta, tare da wanda ya san yarintarta, domin likita zai tambaya.