Waƙar Bakin Uwa Ita Ce Darasin Farko

Yau hirar tamu a kan sana'ata ce. Ni malama ce a kwalejin ilimi, kuma abin da nake koyarwa shi ne waƙa da kiɗan Hausa. Na san wata za ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga abin mamaki! Waƙa ma sai an je kwaleji?" To uwargida, ki ɗan ajiye tsintsiyar nan ki saurare ni, domin maganar ta shafe ki fiye da yadda kike zato.

Ranar farko da ɗalibai suka shigo ajina, ba na ba su littafi. Nakan ce kowa ya tuna waƙar da aka yi masa reno da ita. Sai ki ga an sunkuyar da kai ana 'yar dariya, wai kunya ake ji. Daga nan nake farawa, don ni a ganina ɗalibi ba da hannu wofi yake zuwa ba. Kafin ya san allo ya san muryar uwarsa. Aikina shi ne in nuna masa cewa abin nan da ya raina ilimi ne mai ƙa'ida.

Ki duba lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na sauka a jere, ba mai karo da wata. Wannan lissafi ne na lokaci. Ki duba shantu da amare ke bugawa a cinya, da ƙwaryar amada da ake kifewa cikin ruwa don sautinta ya yi kauri. Zabiya ta ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa. A aji muna kiran wannan gindin waƙa da 'ya'yanta, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tsara nazarin waƙar baka. Suna kawai muka sa wa abin, amma ku kuka haife shi.

Ƙa'idata ta biyu, kunne kafin alƙalami. Ba na yarda ɗalibi ya rubuta sharhin waƙar da bai saurara ba har ta zauna masa. Muna jin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Muna jin Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, matar da ta daɗe tana zuga mata su kama sana'a ko suna cikin ɗaki. Sai in tambayi ɗalibi: me aka faɗa, wa ake wa, me ya sa aka faɗa haka?

Nan ne ƙa'ida ta uku take. Na san damuwarku, ni ma uwa ce. Wani uba ya taɓa zuwa ofishina ransa a ɓace, ya ce bai turo 'yarsa don ta zama maroƙiya ba. Na ba shi kujera, na ce, "Alhaji, ba rawa muke koya mata ba. Tantancewa muke koya mata." Malamanmu sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma ba na tilasta wa kowa ya taɓa abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Amma waƙa magana ce, akwai mai kyau akwai mummuna. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, da waƙa ta karantar da mata. Jajojinta na 'Yan Taru sukan haddace waƙoƙin su kai wa mata har ƙauyuka. Yarinyar da ta iya auna waƙa, ba kowace shara ce za ta shiga kunnenta ba. Kuma yawancin ɗalibaina azuzuwan firamare za su koma, su riƙe 'ya'yanku.

Yanzu ga abin da ke hana ni barci. Injin niƙa ya zo, waƙar niƙa ta yi shiru. Siminti ya zo, an daina daɓe, waƙarsa ta bi shi. Ba na cewa mu koma kan dutsen niƙa, bayanmu ya huta, alhamdu lillahi. Amma a cikin waƙoƙin nan ne mace take faɗin abin da ba ta iya faɗa a gaban miji ko uwar miji. Kowane hutu nakan tura ɗalibai su ɗauko waƙa biyar daga bakin tsohuwar gidansu. Wata ɗaliba ta yi ta ɗagawa, gobe, jibi. Da ta dawo sai ta tsaya a ƙofar ofis tana hawaye: kakar ta rasu, waƙoƙin sun tafi da ita. Ba littafin da zan buɗe in maido su.

Don haka roƙona gare ki, Hajiya, Inna, Gwaggo: idan 'yarki ko jikarki ta zo da waya ta ce ki yi mata waƙar da kika sani, kada ki ce shirme ne, kada ki ce kin manta. Ki sa ta zauna kusa, ki yi a hankali, ki gaya mata wa ya koya miki, da lokacin da ake yin ta. Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙofar gidanki a rufe take ga baƙo, ni kaina ba ko'ina zan shiga ba, amma 'yarki za ta shiga har ƙuryar ɗaki. Ke ce malamar farko, ni ɗorawa kawai nake yi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.