Abin da muka koyo a bitar bugun zane da hatimin leda

 Mu shida kuka tura bitar da wata ƙungiyar masu sana'ar hannu ta shirya a Barnawa, da kuɗin asusunmu kuma kuka tura mu, don haka dole mu ba da bahasi.

Sana'ar ita ce buga zane da hatimin leda. To, ba wannan ledar ɗakin ta roba da muke shimfiɗawa ba. Ledar asali wani Bature ne, Frederick Walton, ya ƙirƙiro ta a Ingila wajen 1860, da man wani iri da garin ɓawon itace, a kan shimfiɗa mai kama da buhun algarara. Tana da kauri da taushi, wuƙa na shigarta kamar sabulu. Za ki zana fure a kanta, ki sassaƙe duk inda ba kya son tawada ta taɓa, abin da ya rage a sama shi zai fito a takarda ko yadi. Duk wadda ta taɓa ganin mai zanen ƙwarya yana aiki ta riga ta san rabin abin.

Salon da aka koya mana na Japan ne. Su can da katako suke yi, tun zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868. Hotonsu da ya fi shahara, na igiyar teku da ta yunƙuro kan jiragen masunta, wani mai zane Hokusai ne ya yi shi wajen 1831, kuma a 2024 suka sa shi a bayan sabuwar takardar kuɗinsu ta yen 1,000. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne tsarin aikin. Mai zane daban, mai sassaƙa daban, mai bugu daban, mai kai wa kasuwa daban. Da muka ji haka sai muka dubi juna: ai wannan ƙungiya ce irin tamu! Ba kowace mace ce za ta iya riƙe wuƙa ba, amma kowa da inda za ta kama.

Dabaru biyu muka ɗauko daga wajensu. Ba sa bukatar inji: da wani ɗan faifai suke murza bayan takarda har tawada ta kama, mu kuwa bayan cokalin katako ya yi mana wannan aiki, babu ruwanmu da ɗauke wuta. Ta biyun kuma, kowane launi da nasa hatimin, sai a yanka 'yar alama a kusurwa inda bakin takarda zai riƙa zama, don ja ya faɗa daidai inda aka bar masa wuri cikin baƙi. Wannan 'yar alamar ita ce bambancin aikin da za a saya da wanda za a tura wa yara su yi wasa da shi. Rubutu kuwa a juye ake sassaƙa shi, kamar yadda yake fitowa a madubi.

Japan ba baƙuwa ba ce a wannan tsallaken kogi. Masaƙar Arewa Textiles ta Kakuri da jarin kamfanonin Japan aka kafa ta a shekarun 1960. Kafin ita akwai KTL da ta fara aiki a 1957, ga kuma UNTL. Da yawa a cikinmu da albashin masaƙa aka yi mana kayan ɗaki, kuma mun san yadda gidaje suka koma a Kakuri da Makera da Nasarawa bayan an rufe KTL a 2002, sauran suka bi baya. Bugun zane ya taɓa ciyar da unguwannin nan. Ledar ma ba yau ta shigo ƙasar nan ba, domin Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, ya yi suna da ita.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Ba za mu ja da atamfar Sin ba. Turmi guda yadi shida ne, in muka ce da hannu za mu buge shi, wuni zai tafi, kuɗin da za mu sa masa kuma babu mai biya. A ganinmu kasuwarmu tana cikin ƙananan kaya: jakunkunan rabo na biki da suna, hankici, rigar filo, da takardar da za mu manna a robar yajinmu da man gyaɗa da sabulun da muke yi, wadda yanzu sai mun biya maɗaba'a. Hatimi ɗaya na Dagin Arewa ko zanen lalle zai yi ta bugu har ya gaji da kansa.

Akwai kuma wahalhalu. Tawadar ruwa da 'yan Japan ke haɗawa da kunun shinkafa ta takarda ce kawai, wanki ɗaya za ta bar yadi. Yadi sai tawadarsa ta musamman, a bar shi ya bushe, a bi shi da dutsen guga mai zafi. Lokacin hunturu tawada na bushewa a kan hatimi kafin ki ɗora shi, sai an yi hanzari. Ledar asali tana da tsada da wuyar samu, amma mun gwada robar da masu gyaran takalmi ke yin tafi da ita, ta yi, ko da yake siririn layi bai fita sosai. Wuƙaƙen nan kuma, hannun da ke riƙe leda ya zauna a bayan wuƙa kullum.

Roƙonmu shi ne a ba mu rance daga asusu, ba kyauta ba, mu sayi wuƙaƙe da tawada da farin yadi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mu gwada na wata uku da jakunkunan biki kaɗai, mu kawo lissafi. Mun san kuɗin nan wasu sun sa ran za a ƙara su a rancen kuɗin makaranta, shi ya sa muke so a kaɗa ƙuri'a a taron wata mai zuwa. Samfurin aikinmu yana kan teburin baya, har da hankicin da muka wanke sau uku. Ku taɓa, ku murza, ku duba da kyau kafin ranar.