MASU TSARON WUTAR LANTARKI

Jawabin da aka yi wa 'yan ajin manya a Tudun Wada, Zariya



Yau za mu yi magana a kan wutar lantarki, da mutanen da ke tsaronta dare da rana. In aka ɗauke wuta a nan Tudun Wada, mai injin niƙa ya zauna, mai walda ya zauna, tela ya koma keken ƙafa. Sai mu ce, "Sun ɗauke." To, su wane ne su? Daga ina kuma wutar ta ke zuwa?

Ku sani, wutar nan daga nesa ta ke tafowa. Akwai madatsar ruwa a Kainji, bisa kogin Kwara, wadda aka gama a 1968. Akwai ta Jebba. Akwai kuma ta Shiroro bisa kogin Kaduna, wadda ta soma aiki a 1990. A can ruwa ke juya manyan injuna, su kuwa su ba da wuta. Amma mafi yawan wutar ƙasar nan daga Kudu ta ke fitowa, inda a ke juya injuna da iskar gas.

Daga Shiroro wuta ta kan hau manyan wayoyi bisa dogayen turakun ƙarfe zuwa Mando a Kaduna. Ana auna ƙarfin turawarta da wani ma'auni, sunansa bolt. A kan manyan wayoyin nan bolt 330,000 ne. Daga Kaduna zuwa Zariya a rage shi ya koma 132,000. A nan kuma a yi ta ragewa, 33,000, sa'an nan 11,000. Taransifomar unguwa ita ke mai da shi wajen 230, daidai da ƙwan ɗakinku.

Yanzu ga abin da mu ke so ku riƙe. Manomi in ya girbe dawa, ya kan zuba a rumbu ya ci sannu sannu. Manyan wayoyin ƙasarmu ba su da rumbu. Wutar da ku ka kunna yanzu, yanzun nan a ke yin ta. Saboda haka dole abin da injuna ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke sha, kowane lokaci. Alamar daidaiton nan ita ce bugun wutar, watau sau 50 a cikin sakan ɗaya. In masu sha sun fi ƙarfin injuna, sai bugun ya ragu.

Ku ɗauki misalin jakuna goma da ke ɗauke da kaya zuwa kasuwa. Ɗaya ya faɗi, aka ɗora kayansa a kan sauran. Nauyi ya yi yawa, na biyu ya faɗi, na uku ya bi. Kafin a jima duk suna ƙasa. Haka injunan wuta su ke. In babban inji ɗaya ya tsaya, ko babbar waya ta tsinke, sauran su kan kashe kansu don kada su ƙone. Shi ne za ku ji rediyo ya ce babban layin wuta na ƙasa ya faɗi.

Aikin injiniyan wuta shi ne ya hana haka. Akwai waɗanda ke zaune a babban ɗakin kula a Oshogbo, suna duban bugun wutar ƙasa duka. In sun ga nauyi zai rinjayi injuna, sai su sa a sauke wani sashe, don kada kowa ya rasa. Akwai masu lissafin inda za a ja sabuwar waya, domin in hanya ɗaya ta ɓaci wuta ta bi wata. Akwai kuma masu kula da na'urorin da ke yanke wuta nan da nan in waya ta faɗi.

Mun ga abin da ƙarancin hanya ke jawowa. A 2024 ɓarayi da 'yan ta'adda su ka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Wuta ta koma bin hanyar Makurɗi da Jos. A watan Oktoba ita ma ta ɓaci. Yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Niƙa ya yi tsada, ruwa ya yi wuya, sana'o'i su ka tsaya.

To, yaya a ke zama injiniya? Ba gado ba ne. Yaro ko yarinya su gama firamare da sakandare, su ƙware a lissafi da kimiyya da Turanci. Daga nan su tafi Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka buɗe a 1962, su yi shekara biyar suna koyon aikin lantarki. Akwai kuma Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya, mai koyar da aikin fasaha. Duka biyu a ƙofar gidanmu su ke. Injiniyan da ke Oshogbo ma da a, ba, ca ya fara, kamar yadda ku ke yi yau.

Mu kuma muna da namu aikin. Kada mu rataya waya a ɓoye, gama ita ke ƙona taransifoma, ta kan kuma kashe mutum. Kada mu yi gini ƙarƙashin manyan wayoyi. In mun ga waya a ƙasa, mu kori yara, mu kai rahoto. In mun ga mai kwance ƙarfen turaku, mu gaya wa mai unguwa. Wanda ya iya karatu kuma, shi zai duba mitarsa da takardar kuɗin wuta da idonsa, ba mai cutarsa.

Ku dage da zuwa aji, ku kuma bar yaranku su zarce ku. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.