Mu Daina Jiran Gawon Shanu, Mu Raya Gawon Gonakinmu

Jawabin babban baƙo mai jawabi a taron shekara na ƙungiya

 

An nemi mu yi tsokaci a kan sauyin yanayi, batun da a yau ba a buɗe rediyo ba a ji shi ba. Dattawan da ke zaune a nan ba sa bukatar a fassara masu shi, domin sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma san Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Yanzu kuma abin ya zo da fuska biyu: ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ko ya sauko a dare ɗaya ya share gari. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a watan Mayu na 2025 kuma Mokwa ta ga nata tashin hankalin.

Masana sun tabbatar hayaƙin masana'antu da motoci ne ke ɗumama duniya, kuma kason Afirka a cikinsa bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Saboda haka ƙasashenmu suke neman masu arziki su biya. A taron Kofanhegan na 2009 an yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba a cika ba sai 2022. A Masar, cikin 2022, an amince a kafa asusun biyan hasara; a Baku, cikin 2024, aka ɗaga alƙawarin zuwa dala biliyan 300 nan da 2035. Ana cikin haka, a watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris. Haƙƙinmu ne a biya mu, kuma wajibi ne shugabanni su ci gaba da nema. Amma garin da ya naɗe hannu har sai waɗannan kuɗi sun biyo ta Abuja sun iso ƙofar gidan dagaci, to jiran gawon shanu yake yi.

Jama'a, darasin da ya fi kusa da mu yana nan ƙetaren iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, dashen da ake yi kuma mafi yawansa mutuwa yake yi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sarewa lokacin sharar gona tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. Sai aka koya wa manomi ya zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi da wuta. Suka kira wannan dabara sassaben zamani. Da manomi ya sakankance itacen nasa ne, ba na gandiroban daji ba, sai ya riƙe shi kamar ɗa. An ƙiyasta ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Uban tafiyar kuwa shi ne gawo, itacen da Allah Ya yi wa ɗabi'a ta daban. Da damina yakan kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa gero rana; ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gona. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau.

Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ɗauki shirin Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, jihohi 11 na Arewa suna ciki. Sai dai a daidai lokacin da ake dashe, manyan motoci na fita da gawayi daga ƙauyuka zuwa birane, musamman bayan cire tallafin mai a 2023 da tsadar iskar gas. Buhun gawayin da ake saya a Kano ko Abuja, wata tsamiya ce ko ɗorawa ta faɗi a irin garinmu.

Don haka muna ba ƙungiya shawarwari huɗu. Na farko, ta ɗauki nauyin manoma goma su je Maraɗi su gani da idonsu, su dawo su koyar. Na biyu, Mai girma Hakimi da dagatai su tsayar da doka a kan sare gawo, kuka, ɗorawa, tsamiya da kaɗanya, tare da tabbatar wa manomi mallakar abin da ya raya. Na uku, a kafa wurin renon itatuwa a makarantar firamare, kowane aji da nasa, kuma a riƙa ƙirga waɗanda suka tsallake rani, ba waɗanda aka dasa ranar biki ba. Na huɗu, kowane ɗan gari da ke birni ya saya wa gidansu murhu mai tsimin itace, ya rage wa iyayenmu mata wahalar daji.

Malamanmu sun karantar da mu cewa dasa itace sadaka ce mai gudana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma namu hannuwan suna da yawa. Muna fata a taron baɗi sakatare zai karanta mana adadin itatuwan da suka rayu.

Allah Ya ja zamanin Hakimi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.