Mu Binciki Wutar Mota Kafin Mu Loda Shanu

Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a Nyohini, Tamale

 

Yau maganarmu a kan tsofaffin motocin soja ce, irin su Bedford RL da aka fara ƙerawa a Ingila tun shekarun 1950, waɗanda wasunmu suka saya a gwanjo don jigilar dabbobi. Motoci ne masu ƙarfi, suna shiga dajin da tirela ba ta shiga. Amma injinsu na fetur ne, kuma yawan ciwonsu na wuta ne.

Mu kanmu mun ɗanɗana. Wata rana a cikin bazara motarmu ta mutu tsakanin Yapei da Buipe, cike da bijimai za mu Kumasi. Muka aika Tamale aka sayo sabon kwayil, ba ta tashi ba. Aka kwance kafireta, ba ta tashi ba. Sai washegari wani dattijon makanike ya gano ashe waya ɗaya ce ta saki a jikin distiribita. Kafin nan bijimai biyu sun faɗi, an tattake su, dole muka yanka. Daga ranar muka koyi cewa ba a sayen kaya da ka-ce-na-ce. Wuta hanya gare ta, kamar burtali, sai a bi ta daga farko.

Na farko, batir. A kunna fitila a murɗa makulli. In fitila ta dushe, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. A kankare, a ɗaure, a duba wayar da ta kama jikin mota. A kuma sani wasu motocin soja na bolt 24 ne, batir biyu. In aka sa musu kwayil na bolt 12, ƙonewa zai yi.

Na biyu, kwayil. A fitar da giya, a zare babbar wayar tsakiya daga hular distiribita, a riƙe ta da busasshen itace kusa da ƙarfen inji, nesa da fetur, a buga. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, lafiya. Ja mai rauni ko babu, matsala tana baya.

Na uku, kwantak da kwandansa. A buɗe distiribita a ga ko kwantak yana buɗewa yana rufewa. Ratarsa wajen rabin milimita ce. In ya ƙone a goge da samfefa. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce, a tuhumi kwayil ko kwandansa.

Na huɗu, hula da rota. Ƙurar hunturu da raɓar damina sukan shiga ciki su sace wuta. A share da ƙyalle busasshe, a duba ko ta tsage.

Na biyar, fulogi. Jerin wayoyin injin silinda shida shi ne 1-5-3-6-2-4. In yaron mota ya birkita su, sai tari da harbi.

In duk wuta ta isa fulogi, sannan a koma kan fetur. Masu motar gas kuwa, ku ba ku da wannan wuta, ku fara duba iska a bututun mai.

Roƙonmu shi ne a yi wannan bincike a gareji, a nan Nyohini, kafin a loda ko saniya ɗaya. Kowace mota ta riƙe kwantak, kwandansa, rota da fulogi na ajiya. Kuɗinsu bai kai na maraƙi ba. Fatake kuma ku tambayi direba ya nuna muku kafin ku biya.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu a hanya. Wassalamu alaikum.